Jamarar da Ta Sha Rana

Litinin, 27 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Malamar ajin Turanci ta ce kowa ya riƙa rubuta abin da ya same shi kullum, wai hannu zai saba. To ga shi ina rubutawa, amma da harshenmu, don abin da ke raina Turancina bai kai ya ɗauka ba.

Sati uku ke nan da aka kawo gidan Khatiwada daga sansanin 'yan gudun hijira na Beldangi: Lok Nath, da matarsa Goma, da tsohon mahaifinsa Chhabilal, wanda kowa ke ce wa Hajurba, wato kaka. Da yake na riga su zuwa Launceston da shekara ɗaya da rabi, ni ce tafintarsu ta sa-kai. Ɗayar mai aikin sa-kan ita ce Anti Noelene, 'yar garin nan, shekararta sittin da tara, mijinta ya rasu, bakinta kuwa bai san hutu ba. Ita ta haɗa musu gadaje da tukwane, ita ta koya wa Goma kunna murhu, ita ke kai su ko'ina a tsohuwar motarta mai warin taki.

Lok Nath da Goma sun fara sakewa. Hajurba ne dai. Ya ƙi gado, ya shimfiɗa bargo a ƙasa daf da ƙofar fita, ya jera takalmansa suna kallon waje, farar jakar ledar da aka ba mu a jirgi tana kan cinyarsa. Goma ta ce loma uku ya ci yau. Ina wurin, biyu na gani.

Laraba, 29 ga Satumba, ƙarfe ɗaya na rana

Saura kwana goma sha takwas a ɗora tika, jan kwaɓin shinkafa na albarka da babba ke manna wa na ƙasa da shi a goshi a bikinmu na Dashain. Mu kusan arba'in ne a garin nan, kuma babu mai furfurar kirki sai Hajurba. Bara da Dashain mun taru, mun ci nama, wani mai shekara arba'in da biyar ya ɗora wa sauran, shi kuma ya tashi da goshi fayau. Wasan yara dai. Shi ya sa da aka ji an kawo tsoho ɗan shekara saba'in da takwas, mata suka fara ɗinki tun kafin su gan shi.

Na durƙusa na faɗa masa shi muke so ya ɗora mana. Nani yake ce mini, wato 'yar ƙarama. Ya ce, "Nani, baƙo ba ya sa wa mutane albarka a gidan da bai san inda gabas take ba."

Na nuna masa gabas. Ya ce ba ita ba ce.

Goma ta ja ni kicin ta faɗa mini sauran. Ashe ya ƙullo ƙwayar sha'ir a hankici, irin gonarsa ta Dagana a Bhutan, wanda ya riƙa nomawa a bayan bukka shekara goma sha takwas don kada ya ɓata. A filin jirgi aka karɓe, doka ce, ba a shigowa da iri. Tun daga ranar bai sake cin abincin kirki ba.

Alhamis, 30 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Ban kira ba.

Asabar, 2 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Goma ta iya lallashi, ko dutse ta zauna wa sai ya motsa. Tana shafa wa Hajurba mai a ƙafa tana mita, tana ce masa Ba, wato baba: "To shi ke nan, Ba, sai mu gaya wa mutane sun ɗinka kaya a banza. Sai mu ce tsohonmu ya manta addu'o'in ne."

"Wa ya manta?"

"Oho. Ni dai haka zan ce."

Ya rufe ido har na ɗauka barci ya yi. Can ya ce a kawo masa iri da yashin ƙasar nan, zai shuka jamara, tsiron sha'ir na bikin, da hannunsa. In ta fito yadda ya kamata, ya san ƙasar ta karɓe shi, zai ɗora wa kowa tika. In ba ta fito ba, a mayar da shi inda aka ɗauko shi.

Duk mun san babu hanyar mayarwa. Abin da zai yi shi ne ya ci gaba da zama bakin ƙofar nan har ya ƙare a kan idonmu, kuma wannan nake tsoro.

Anti Noelene ta tambaye ni me aka ce. Na ce zai shuka sha'ir saboda biki. Ta tafa hannu ta ce ashe manomi ne irinta, a bar mata maganar iri. Ban ƙara mata bayani ba, sauri nake yi.

Litinin, 4 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na yi dariya yau har cikina ya ƙulle. Anti Noelene ta shigo da leda daga kanti tana taƙama, ta ajiye a gaban Hajurba. Sha'ir ne kam, amma surfaffe, wanda suke zubawa a miya. Ya ɗebi kaɗan, ya murza, ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Tambaye ta, Nani, a garinsu dafaffen ƙwai yana ƙyanƙyashewa?"

Na juya mata da cewa yana godiya, sai dai wannan ba zai tsiro ba. Ta kalli ledar, ta dafe kai ta ce, "Shekara hamsin ina lambu, dubi abin da na kwaso. Kada ki gaya wa kowa, 'yar nan." Sai ta fashe da dariya. Hajurba ya juya wa bango fuska, amma na ga kafaɗarsa tana motsi.

Laraba, 6 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

An samu iri na gaske, mai ƙaiƙayinsa, daga wurin wani manomi abokin marigayi mijinta. Mun je bakin kogi da Lok Nath muka ciko bokiti biyu da yashi, iska tana neman cire mana kunnuwa. A can gida Dashain yana zuwa ne bayan damina, shinkafa ta nuna. A nan kuwa yanzu itatuwa ke fure. Komai na ƙasar nan a juye yake, har rana ta arewa take bi.

Hajurba ya ciji ƙwaya ɗaya ya ce ba laifi. A bakinsa wannan babban yabo ne.

Yashin ya yi yawa, na taho da ragowar gida. Kawai don kada a zubar.

Juma'a, 8 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An shuka. Ya yi wanka tun da sassafe, ya sa fararen kaya, ya zagaya gidan karon farko yana neman ɗakin da ya fi duhu. Ɗakin wanki ya zaɓa, don ba shi da taga. Ya baza yashi a faranti babba, ya ajiye tulun ruwa a tsakiya, ya watsa iri, ya kife kwando a kai, ya ƙara da zane. Mu mata muna tsaye daga bakin ƙofa, kamar yadda aka saba. Jamara ba ta son ganin rana ko kaɗan. A duhu take tashi har kwana tara, ta fito rawaya, rana ta goma a yanka a saƙala wa kowa a bayan kunne bayan an ɗora masa tika a goshi.

Muryarsa da yake addu'a irin ta wani ce. Na fita waje na tsaya wajen igiyar shanya har aka gama.

Ya ci shinkafa rabin kwano.

Asabar, 9 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Mijina Devi ya ce rigunansa na cikin kabad suna warin jiƙaƙƙen yashi. Na ce damshin gidan ne. Ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya tafi gona. Na gode wa Allah da ya ba ni miji wanda ya san lokacin yin shiru.

Ban kira ba.

Litinin, 11 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Ta fito. Lok Nath ya kira ni ina wurin aiki, hannuna cikin ruwan wanke-wanke, yana ta haki kamar an biyo shi: ta tsiro, ta tsiro duka, babu gurbi ko ɗaya. Da na tashi na wuce can a guje. Hajurba ya fito daga ɗakin wanki yana tsuke baki don kada murmushi ya kuɓuce masa. Na ce yaya? Ya ce, "Da saura." Amma ya cinye kwanonsa, har ya ce wake ya yi ruwa, a ƙaro gishiri. Goma ta ce rabon da ya kushe mata girki tun a sansani, saura kaɗan ta yi kukan daɗi.

Mata sun zo mun tsara aiki. Wasu za su soya gurasar shinkafa, wasu kindirmo, maza su nemo akuya. Anti Noelene ta samo mana zauren taron unguwa, ta ce za ta kawo kujeru. Na ce ƙasa za mu zauna. Ta ce to ita gwiwarta ba ta san wannan al'adar ba.

Jibi Laraba za a kai Hajurba asibiti a duba masa ido, wuni guda. Ni zan raka su.

Laraba, 13 ga Oktoba, ƙarfe bakwai saura na yamma

Bari in rubuta yadda aka yi.

Mun fita ƙarfe takwas, ba mu dawo ba sai biyar da rabi. Muna shiga ta ƙofar baya muka ga farantin a kan dakali, a fili, inda rana ta wuni tana dukansa. An cire kwando, an ninke zanen da kyau a gefe. Tsiron da ya bari da safe rawaya ya koma kore. Ga takarda an danne da dutse, da rubutun Anti Noelene. Ta zo da makullinta don ta gyara tiyon injin wanki, sai ta tarar da bayin Allah a rufe cikin duhu duk sun ɗashe, shi ne ta fitar da su su sha rana, ta kuma ba su ɗan ruwan taki. A ƙasa ta zana fuska mai murmushi.

Lok Nath ya ce me aka rubuta. Na karanta. 

Hajurba ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya shiga ciki ya zauna kan bargonsa, ya jawo farar jakar ya ɗora a cinya.

Alhamis, 14 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na safe

Goma ta mayar da tsiron ƙarƙashin kwando tun jiya, wai ko zai koma. Kore shar. Abin da ya ga rana ya gani.

Laifina ne. Kalma ɗaya ce, duhu, ban faɗa mata ba. Sauri na ce ina yi, ƙarya ne. Ba na son in tsaya bayanin yadda ake yi, don in na fara sai na kai ga wanda na koya a wurinsa.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Anti Noelene ta zo da murnarta, da wainar da ta gasa. A bakin mota na tare ta. Na so in sassauta, amma sassautawar ce ta kawo mu nan, sai na faɗa mata duka: duhun, da launin, da cewa mace ba ta shiga ɗakin balle da takalmi, da sharaɗin da tsohon ya gindaya.

Ta ce, "Ba za a sake shukawa ba?"

"Saura kwana uku, Anti."

Fuskarta ta yi ja, ta miƙa mini wainar da makullin gidan, ta ce, "Garin neman gira na tsone masa ido. Ki ba shi haƙuri, ni ba zan iya kallonsa ba." Ta ja mota ta tafi. Raina ya ɓaci da ita, ya ɓaci da ni, ya ɓaci har da ranar da ta ga damar fitowa jiya bayan sati guda ana hadari.

Hajurba bai ci komai ba yau.

Juma'a, 15 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

To, bari in rubuta abin da ke cikin kabad, tunda na fitar da shi.

Ranar da Hajurba ya shuka tasa, ni ma na dawo gida na shuka 'yar kaɗan a kwanon sha, na tura bayan rigunan Devi. Ban san don me ba. Ko kuwa na sani. A sansani ni ke ɗebo wa Ba, mahaifina, ruwan da yake yayyafa wa tasa, safe da yamma, tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ba yana cikin waɗanda suka rantse ba za su je ko'ina ba sai Bhutan. Ranar da na sa hannu a takardar tafiya ya ce mini, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Ina kiran wayar ƙanwarsa, Phupu, ta ce yana lafiya, ta miƙa masa, ya tashi ya fita. Na gaji, na daina.

Yau na rufe kwanon da tawul na kai wa Hajurba. Rawaya ce, kyakkyawa, amma ba ta fi cikin hannu ba. Na ce a raba ko zare ɗai-ɗai ne.

Ya leƙa, ya mayar da tawul ɗin. "Wannan ta wa ce?"

"Taka ce, Hajurba."

"Nani, na tsufa amma ban zama yaro ba. Ta wa ce?"

Na faɗa masa. Ya tambayi sunan Ba da ɓangaren da bukkarmu take. Da ya ji sai ya ce, "Tikaram? Mai zama gindin bishiya yana zagin masu cike takarda? Ai tare muke zagin." Ya turo mini kwanon ya ce in mayar cikin duhu, ba ya yanka abin da aka shuka da sunan wani.

Na taso jiki a sanyaye. Ina sa takalmi na ji ya ce wa Goma, "Ina matar nan mai surutu? Gidan ya yi shiru."

Asabar, 16 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Wannan ranar sai na rubuta ta duka.

Ƙarfe tara Goma ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa: in zo maza, tsoho ya sa takalmi. Na tarar da shi tsaye a bakin ƙofa da sandarsa da hularsa. Farar jakar kuwa tana kan bargo, ya bar ta.

"Ina gidan matar?"

"Layi biyu ne, Hajurba, amma akwai hawa. Bari Lok Nath ya nemo mota."

"Ni da na hau tsaunin Dagana da buhun lemo a baya? Wuce gaba."

Wata guda da kwanaki a garin nan, yau ne ya fara taka titi da ƙafarsa. Sau huɗu muka tsaya, duk tsayawa sai ya ce ba gajiya ya yi ba, shingen mutane yake dubawa. Mun same ta a lambu durƙushe, idanu a kumbure. Da ta gan shi ta miƙe ta rasa inda za ta sa hannunta, ta fara ba da haƙuri tun kafin mu ƙaraso.

Ya ɗaga mata hannu. "Nani, yau ki faɗa mata abin da na faɗa, ba abin da kika ga dama ba. Ina ganinki, in na yi magana mai tsawo sai ki yi gajeriya."

Na ce to.

Ya ce yana ɗan shekara tara, wata shekara akuya ta kutsa ɗakin ta cinye musu jamara saura kwana biyu. Mahaifinsa ya tattara guntayen da suka rage ya ɗora wa mutane da su, aka yi biki lafiya. Ita kuwa akuyar, ita aka yanka.

"Ki ce mata ta gode wa Allah ita ba akuya ba ce."

Na faɗa. Anti Noelene ta tsaya kallonsa, sai dariya da kuka suka kama ta lokaci guda, ta zauna daɓas a kan buhun taki.

Ya ce kwana biyu yana tunani. Shekara goma sha takwas a sansani, an ba shi shinkafa, an ba shi lamba, amma babu wanda ya taɓa leƙa abin da ya shuka balle ya ji tausayinsa. Wannan matar ta ga tsironsa ya ɗashe ta kasa wucewa. Rashin sani ne, kuma rashin sani ya fi dare duhu, amma ba mugunta ba ce. "Na ce in ƙasar ta karɓe ni zan gani a jamara. To na gani. Ta karɓe ni har ta yi mini shisshigi."

Anti ta ce a tambaye shi ko kore zai yi. Ya ce Uwa Durga, wadda ake bikin dominta, ta fi shi sanin inda aka kawo shi, in tana da ƙorafi ta same shi.

Daga nan ya manta da mu. Ya zagaya lambun yana zungurar kunya da sanda, ya ce dankalinta ya yi kusa da juna, wa ya koya mata? Ta ce uwarta. Ya ce to uwar ma ba a koya mata daidai ba. Ta ce in ya iya ga fili can gefen shinge, ya nuna mata. Ya duƙa ya ɗebi ƙasar ya sansana, ya ce a bar masa ragowar irin nan. Sun fi rabin awa suna musu a kan taki, tun ina juyawa har na gaji na bar su, kuma ban ga sun rasa ni ba. Kafin mu tafi ya tambayi shekarunta, ya ce gobe ta zo da wuri, kada ta ci komai, kuma ta bar takalman nan a waje.

A gida ya ci kwano guda da ƙari.

Lahadi, 17 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Rana ta fito. Yau ta fito duk yadda take so.

Lahadi, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Mun cika zauren, mu arba'in da uku. An kwaɓa shinkafa da kindirmo da jan gari a babban faranti, an yanka jamarar an jera, kore kamar ganyen albasa. Wata ta fara gunaguni, Goma ta ce mata, "Didi, yayata, in rawaya kike so, jirgi na tashi gobe." Magana ta mutu.

Tika daga babba take farawa ta gangaro. Hajurba ya duba jama'a ya ce, "Ina Bahini?" Sai da ya nuna ta da sanda muka gane ƙanwar da yake nufi. Duk zauren babu mai bi masa a shekaru sai Anti Noelene. Mutum biyu suka taimaka mata ta kai ƙasa, gwiwa tana ƙara. Ya ɗora mata tika ƙatuwa, ya saƙala mata jamara a bayan kunne, ya yi mata addu'a, ya ƙara da cewa Allah ya tsare hannunta daga kwandon mutane. Wannan ma na juya mata, kalma da kalma.

Aka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, manyan maza suna sunkuyawa suna share ido. Da layi ya zo kaina na durƙusa, sai ya janye hannu.

"Ina kwanonki?"

Devi ne ya miƙo shi, rufe da tawul. Ban san ya ɗauko ba.

"Kira mini Tikaram."

Na ce ba zai karɓa ba. Ya ce ba ni zan yi magana ba. Na danna lambar Phupu, a can hantsi ne, ana ta hayaniyar biki. Hajurba ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da kunne yana ɗaga murya, Devi ya danna masa inda kowa zai ji.

"A ba ni Tikaram. Ce masa Chhabilal ne na Dagana." Aka ɗan jima. "Tikaram, kana ji na? E, ni ne, na tafi. Rantsuwar da ka yi ni ma na yi ta, zage ni daga baya, yanzu ba lokaci. Ga 'yarka a gabana, goshinta bai ga tikarka ba shekara biyu. Ta shuka jamara da sunanka a bayan rigunan mijinta, ta fito ta fi tawa kyau. Ni ba na ɗora wa 'yar wani tika ubanta yana da rai. Hannu zan ara maka. Bakin naka ne."

Shiru. Ina jin kukan zakara daga can, da wata tana kiran yaro. Na sunkuyar da kai ina jiran ƙarar katsewa, don na san ta.

Sai na ji ya yi gyaran murya. Ya fara addu'ar da ake yi wa 'ya'ya mata, a hankali, yana jan ƙarshen kowace gaɓa kamar yadda yake yi tun ina ƙarama. Hajurba ya ɗebi tika ya manna mini, da sanyinta. Ya yanki rawayar ya sa mini a gashi. Da addu'ar ta ƙare na ɗauka shi ke nan.

Ya ce, "Tulasa."

Na ce, "Na'am, Ba."

"Inda kika zauna, Allah ya sa ya zame miki gida."

Goma ce ta ce amin a madadina. Sai na ji yana tambayar Hajurba wai da gaske ne a can rana ta arewa take bi, Hajurba ya ce ƙwarai, kuma matan garin ba su iya shuka dankali ba. Suka shiga hira, mutum goma sha ɗaya suna durƙushe a layi suna jira.

Na yi farin ciki yau, irin wanda ke sa ƙirji ciwo. Tikar ta bushe tana zubowa a kan littafin nan, ban goge ba.

Litinin, 18 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Goma ta ce tun ƙarfe takwas Hajurba ya ɗauki ragowar irin ya tafi gidan Bahini shi kaɗai, jiya kuma a kan gadonsa ya kwana.

Na kira wayar Phupu. Mahaifina ne ya ɗauka.